Akwatin Giyar Ummu Basil

Abu Nizar, tsohon bakaniken layin, ya sa aka ɗigo masa man giyar motar a kan farin hankici, ya kai shi kusa da ido, ya kai hanci, sannan ya ɗago ya dubi maƙwabciyarsa Rasmiyya, wadda ake kira Ummu Basil. Ita kuwa nan take ta sami abin kallo a bangon garejin, wata kalanda da shekararta ta wuce tun tuni.

"Ummu Basil, man da nake zuba miki a giya wane launi ne?"

"Kore-kore, Abu Nizar."

"Wannan fa?"

"Ja."

"To alhamdu lillahi, ashe ba idona ne ya tafi ba. Wa ya zuba?"

Shahir, bakaniken da garejinsa ke kallon na Abu Nizar, shi ne a cikin rami ƙarƙashin motar. Ya leƙo da kai yana dariya. "Ni dai ba ni ba ne, Hajji. Ka san ni da irin wannan giyar ko gaisuwa ba ma yi."

"Kai rufe mana baki, ba da kai nake ba."

Dole ta faɗi gaskiya. Mako uku da suka wuce ta tsaya a wani wurin canjin mai a hanyar Irbid, irin wanda ake yi maka kana zaune kana shan shayi. Mai wurin ya ce mata man giya duk ɗaya ne, launi ne kawai 'yan kasuwa ke sauyawa. Kwana goma motar ta yi lafiya. Daga nan ta fara wani siririn kuka, sai ta koma fizga in an zo hawa, yau kuma ta ƙi gaba ɗaya a shataletalen kasuwa, inji na ihu taya ko motsi, sai da masu shaguna suka turo ta har nan.

Abin da ba ta faɗa ba shi ne dalilin. Tun bazara likita ya ce zuciyar Abu Nizar ta gaji. Ƙafafunsa suka kumbura, matakala ashirin da biyu da ke tsakanin ɗakinsa da garejin da ke ƙasan gidan suka zame masa tafiyar yini. Da lokacin canjin mai ya yi, sau biyu Rasmiyya tana zuwa ƙofarsu, ta jiyo tarinsa, ta juya da sanɗa. Mu mutanen Ajlun haka Allah ya yi mu, sai mu ji wa mutum ciwo da kara muna ganin alheri muka yi masa.

Motar nan kuwa ba ta ado ba ce. Fawwaz, mijin Rasmiyya, wankin ƙoda ake yi masa a Irbid, Asabar da Litinin da Laraba. Idan aka sauke shi daga na'ura yakan fito jiki ba ƙwari, kai na juyawa, ko tsayuwar minti biyar ba ya iyawa. Ba motar, sai bas biyu da jiran tasha, da hawan layinsu a ƙafa. Ɗansu Basil yana aikin soja a can kudu, sai wata-wata ake ganinsa. Rasmiyya ce direba, ita ce tela mai ciyar da gida, yau kuma ita ce mai laifi.

"Hajji, ka huta," in ji Shahir yana goge hannu. "A sauke akwatin a jefar, a ɗauko na hannu daga Zarƙa. Wannan giyar ba a gyara ta, giyar babur ce aka liƙa wa mota."

"Na hannun da ba ka san wane jahilin ne ya tuƙa shi ba? Sauke mini shi, in ga cikinsa."

"Ko da na yarda da na hannun," Rasmiyya ta ce a hankali, "ba abin da hannuna zai kai ba ne yanzu."

Abu Nizar bai dube ta ba. Ya ninke hankicin ya sa a aljihu.

Duk layin sun san labarinsa da wannan giyar. Yana da shekara sittin motocin suka fara shigowa gari, masu giyar da ake kira CVT, wadda ba ta da ɗaya ba ta da biyu. Kanikawa suka yi mata taron dangi, kowa ya ce lalatacciya ce tun daga haihuwa. Shi kuwa ya tafi kasuwar ɓaraguzan motoci ya ɗauko matacciya guda, ya baje ta a kan rufin gida, ya kwance ya ɗaura har ya daina ƙirga. Matarsa Hajja Nayifa ta rantse ta taɓa tsintar noti a cikin shinkafa. Sai da aka wayi gari daga Jarash da Irbid ake kawo masa motoci, waɗanda suka yi masa dariya su ne masu nuna wa baƙi ƙofarsa.

Washegari Shahir ya sauke akwatin ya ɗora a benci. Abu Nizar ya sauko, ya huta sau huɗu a matakala, Hajja Nayifa na biye da shi tana faɗa. Aka buɗe kwanon mai na ƙasa. Maganaɗisun da ke ciki sun yi gashi da garin ƙarfe, ya shafa da yatsa ya girgiza kai. Ya ɗauki ƙaramin sifana zai kwance wani noti, hannu ya kama rawa. Ya sake gwadawa, sifanan ya suɓuce ya faɗa rami da ƙara. Shahir, mai bakin da ba ya shiru, ya shiga neman wani abu a aljihunsa.

Tsohon ya daɗe yana kallon hannuwansa. Sai ya juya ya kalli na Rasmiyya, da ke riƙe da bakin mayafinta.

"Shekara nawa kina kan keken ɗinki?"

"Talatin da ɗaya."

"In ya lalace wa ke gyara miki?"

"Ni mana."

"To je ki wanke hannu."

"La ilaha illallahu!" in ji Hajja Nayifa. "Taisir, kanka ɗaya? Likita ya ce kada ka sauko, kai kuma makaranta za ka buɗe?" Ita kaɗai ce ke kiransa da sunan yanka, shi ma sai in ranta ya ɓaci.

"Ban taɓa buɗe akwati na bar shi a buɗe ba, Hajja. Ba zan fara a kan maƙwabta ba."

Hajja Nayifa ta tsaya riƙe da ƙugu. Shekara arba'in da shida tana zaune da mutumin nan, ta san inda gardama ke ƙarewa. Ta hau sama, can sai ga ta ta dawo da babban farantin mansaf, wanda ake fitarwa ranar biki, mai ɗaukar rago guda da shinkafarsa. Ta dangwarar da shi a gaban Shahir.

"Tunda ba zai daina saukowa ba, to ƙarafan su hau. Ka zuba su a nan ka kai mini falo. Wanda ya ɗiga mini mai a kafet kuwa, ni da shi ne."

Haka falon Hajja Nayifa ya koma gareji. Aka shimfiɗa jaridu, aka sa farantin a tsakiya, Abu Nizar na kan kujera ƙafafu a kan matashi, Rasmiyya na zaune a ƙasa. Ranakun da ba wankin ƙoda takan shigo da hantsi ta fita da azahar.

Ran farko bai bar ta ta taɓa komai ba. Ya ce a kawo masa mazurari biyu daga kicin.

"Giyar da kika sani, irin ta motar babanki, haƙora ce. Ɗaya, biyu, uku, kamar matakalar gidan nan, kowane hawa sai jiki ya ji. Wannan ba ta da matakala." Ya haɗa tsinin mazuraran suna fuskantar juna. "Kin ga kwarin da ke tsakaninsu? Nan bel yake zama. In suka matso juna sai su turo shi sama, ya yi babban zagaye. In suka ja baya sai ya faɗa ƙasa, ya yi ƙarami. Irin wannan biyu ne a ciki, ɗaya wajen inji, ɗaya wajen taya, bel ɗin ya haɗa su. In na inji ya buɗe na taya ya matse, kin sami ƙarfin hawa dutse. In suka yi musaya, kin sami gudu. Tsakani kuwa duk inda mota ta so za ta tsaya, ba fizga ba gargada."

Rasmiyya ta ƙura wa mazuraran ido. "Kamar keken ɗinki na ƙafa na marigayiya uwata ke nan. Babban wili a ƙasa, ƙarami a sama, igiya ta haɗa."

"Madalla! Sai dai naki da girmansu aka haife su. Waɗannan a kan hanya suke ƙiba suna ramewa." Ya ɗaga murya don ta kai tsallaken titi. "Shekara goma sha biyu ina yi wa Shahir wannan bayani, har yau bai kai inda kika kai da safen nan ba."

Ya nuna mata bel ɗin. Ita duk zatonta roba ce. Ashe ƙarfe ne, ɗaruruwan 'yan guntaye sirara an jera su a kan zobban ƙarfe kamar carbi. Gefen da yawa daga cikinsu ya cinye ya yi baƙi.

"Me ke matse su, Abu Nizar?"

"Mai. Shi ke tura faya-fayan nan masu kama da mazurari su kama bel. Kuma aiki biyu yake yi waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ya yi santsi inda ake son santsi, ya kuma hana bel zamewa a kan ƙarfe. Jan man da aka zuba miki santsi kaɗai ya sani. Bel ya yi ta zamewa yana karce fuskar faifai, kina taka totur kina ƙara masa."

Ya sa ta bi fuskar faifan da farce. Ta ji farcen na tsallake wasu 'yan layuka.

"Allah ya taimake ki ba su yi zurfi ba. Bel kam ya tafi, na aika a kawo sabo daga Amman. Waɗannan kuwa gogewa za mu yi."

Gogewar ta ci kwana huɗu. Samfefa mai laushi, ɗigon mai, hannu na zagayawa ba a tsayawa wuri guda. Yatsunta suka yi baƙi har ƙarƙashin farce, kafaɗarta ta riƙe. Shi kuwa baki bai huta ba.

"Kada ki sake riƙe ta a hawa da totur, don haka aka yi birki. Kada ki sa ribas sai ta tsaya cak. Da safe ki bar ta ta ɗan ɗumama kafin ki fizge ta. Mai kuwa a garin nan mai duwatsu, duk kakar zaitun biyu a canza, da filta, ko da an ce miki bai mutu ba. Buhunan zaitun na ƙanenki kuma ya nemo musu jaki."

"Wa ya ce maka ina ɗaukar masa buhu?"

"Ƙarfen nan ne ya faɗa mini. Shi ba ya kara."

Rana ta huɗu ya karɓi faifan ya bi da farce, ya ce ya yi. Rasmiyya ba ta gamsu ba. Ta buɗe jakarta ta zaro wani ƙyallen siliki, ragowar rigar wata amarya, ta shimfiɗa a kan ƙarfen ta ja a hankali. A wuri biyu silikin ya maƙale, ya fito da zare.

"Da saura," ta ce.

Abu Nizar ya karɓi ƙyallen ya juya shi, ya ja da kansa, ya ga ya maƙale a daidai wurin. Dariya ta kama shi har ta zama tari, Hajja ta fito da gudu da ruwa.

"Hajja, zo ki ga! Shekara goma sha biyu ina wahal da farcena, ashe maganin yana jakar maƙwabciya."

Rasmiyya ta ji daɗin da ta daɗe ba ta ji irinsa ba, har ta rasa inda za ta sa idonta. A cikin wannan daɗin ne bakinta ya buɗe.

"Abu Nizar, ka yafe mini. Wallahi sau biyu ina zuwa ƙofar nan. Tarinka na ji, na ce ba zan ɗora maka ba."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Na ji tafiyarki duka biyun. Takalminki na hagu yana ƙara. Na zauna ina jira ki ƙwanƙwasa." Ya ajiye ƙyallen a gwiwarsa. "Kowa ya daina kawo mini mota, Ummu Basil. Kowa sai ya zo da lemo da ayaba ya zauna yana kallona. Na ce ko duk gari sun binne ni, maƙwabta za su jira in mutu tukuna. Ko a kwance nake ai ina da baki. Da na ce miki ga gwangwanin da za ki saya, ga wanda zai zuba."

Hawaye suka zubo mata, ta kasa sharewa saboda baƙin hannu.

"To ya isa. Kada ki jiƙa mini ƙarfe, tsatsa zai yi. Ɗauki samfefa."

Ranar Litinin aka dawo da Fawwaz a bas. A tasha ta biyu ya yanke jiki ya faɗi, goshinsa ya bugi bakin kwalta, sai wasu ɗalibai ne suka taya ta ɗaga shi. Da ta shigo falon ran Talata ba ta faɗa wa kowa ba, amma a layinmu labari ba ya jiran mai shi.

"Yaya goshin Abu Basil?" in ji tsohon.

"Da sauƙi."

"Bel ya iso. Yau ba hira."

Sai dai shi ma ran nan ba a falo ta same shi ba, daga ɗaki yake maganar. Numfashi ya hana shi zama, an jera masa matasai uku a gado. Hajja da kanta ta taya ta jan farantin har gaban gadon, ba ta ƙara zancen kafet ba.

Sabon bel ɗin ya fito daga kwali yana ƙyalli. Rasmiyya ta matse faifan da abin matsewa mai zare, kamar yadda ya nuna mata, kwarin ya buɗe. Ta ɗauko bel za ta zura.

"Tsaya. Duba bayansa."

Ta duba. Wata 'yar kibiya ce aka zana, ƙanƙanuwa.

"Ina take kallo?"

"Wajen taga."

"Juya shi. Inda inji ke juyawa nan za ta kalla. In kika sa shi a baibai zai yi tafiya, har ki yi murna, bayan wata guda ki dawo inda kika fito. Manyan kanikawa sun faɗa wannan ramin." Ya ja numfashi. "Ni ma sau ɗaya. Kada ki gaya wa Shahir."

Ran Alhamis suka rufe akwatin. Ta wanke kowace 'yar hanya da mai ke bi, ta sa sabuwar filta, ta share maganaɗisun tas. Ya sa ta ɗaure notunan a gicciye, wannan sannan na gabansa, kaɗan-kaɗan, zagaye uku. Idonsa a rufe yake amma yana ƙirga ƙarar sifana, da ta tsallake ɗaya sai ya ɗaga yatsa.

"Saura abu ɗaya," ya ce da muryar da sai ta matso ta ji. "Zuba mai. Shahir zai zuba ya ce an gama. Kada ki yarda. Man nan yana kumbura in ya ji zafi. In aka auna shi da sanyi zai yi yawa ya yi kumfa, in aka auna da zafi sosai zai gaza. Inji na aiki, a bi da giya kowane gurbi, a dawo. Sai a jira ɗumi. In ya kai, a buɗe notin ƙasa, abin da ya yi yawa ya zubo. Da ya koma ɗigo-ɗigo a rufe."

"Wane ɗumi, Abu Nizar? Ba ni da abin awo."

"Hajja, butar shayin nan."

Hajja ta kawo butar da aka sauke tun ɗazu. Ya ce Rasmiyya ta ɗora tafinta. Ta ɗora ta janye.

"Da saura. Jira."

Suka zauna su uku suna jiran buta ta huce. Daga titi ana jin mai tallan gas yana wucewa da kiɗan motarsa. Can ya miƙo hannunsa mai rawa ya taɓa, ya kamo nata ya ɗora a gefen nasa.

"Wannan. Ya ɗara jikin mutum kaɗan, kamar goshin mai zazzaɓi. Riƙe shi."

Ta bar tafinta a wurin har ya ce ta ɗauke.

"Asabar sai a ɗaura," ya ce. "Je ki, mijinki na jira."

Ran Juma'a da hantsi tana kan rufin gidanta tana shanya, ta jiyo muryar Hajja Nayifa ta katanga. Ba ihu ba ne. Sunansa take kira, Taisir, Taisir, a hankali, kamar mai tashin wanda ya makara. Rasmiyya ta tsaya da jiƙaƙƙiyar riga a hannu har ruwan ya gangaro mata gwiwar hannu. Daga baya Hajja ta ce ya sha rabin kofin shayi, ya tambaya ko an rufe akwatin da zane kada ƙura ta shiga, ta ce an rufe, ta fita mayar da kofi. Da ta dawo ya tafi.

Bayan sallar Juma'a aka kai shi. Motocin da suka bi gawar sun cika layi har sun sauka kasuwa, kuma rabinsu ya taɓa buɗe cikinsu. Kwana uku maza na zaune a rumfa ana zagayawa da gahawa mai ɗaci, mata na sama wajen Hajja. Akwatin giyar na kusurwar falo a kan farantinsa, lulluɓe da zanen gado. Wata baƙuwa daga Jarash ta ɗauka teburi ne ta ɗora jakarta, Hajja ta ce mata cikin kuka, "Sauke, 'yar uwa, aikin mutane ne."

Ran Asabar da asuba Shahir ya tsaya da a-kori-kurarsa a ƙofar Rasmiyya, ba wanda ya roƙe shi, ya kai Fawwaz Irbid ya jira ya dawo da shi. Ran Litinin ma haka. Rasmiyya ta san ba abin da zai ɗore ba ne, mutum yana da garejinsa da iyalinsa.

Ran Talata aka naɗe rumfa. Shahir da wasu kanikawa biyu na layin suka sauko da akwatin, suka ɗaura. Aikin ya kai su har bayan azahar. Rasmiyya na tsaye a bakin ƙofa da gwangwanayen koren mai da tsohon ya sa aka kawo tare da bel. Shahir ya zuba, ya tayar da inji, ya saurara, ya buga bonet.

"Shi ke nan, Ummu Basil. Allah ya ji ƙan Hajji, ya yi aiki."

"Ba a gama ba."

"Na zuba daidai yadda littafi ya ce."

"Ka bi da giya kowane gurbi, ka dawo, ka bar ta tana aiki."

Ɗaya daga cikin kanikawan ya yi murmushi. "Shahir, ka yi sabuwar uwar gida."

Shahir bai yi dariya ba. Ya shiga motar ya yi yadda ta ce. Rasmiyya ta tattare bakin baƙar abayarta, ta bi matakalar ramin ta sauka. Tunda aka haƙa ramin nan mace ba ta taɓa shiga ba, masu wucewa suka fara tsayawa. Ta ɗaga hannu ta ɗora tafinta a kwanon mai. Sanyi. Ta jira. Injin na kaɗawa a saman kanta, tsoro ya kama ta kada hannun ya manta, don yanzu ba wanda za ta tambaya.

"Ya kai?" in ji Shahir.

"Da saura."

Ta rufe ido. Ƙarfen ya fara ɗaukar ɗumi kaɗan-kaɗan, ya kai na jiki, ya ɗara.

"Miƙo sifana."

Ta buɗe notin. Mai ya zubo siriri a cikin kwano, kusan cikin kofin shayi biyu, sannan ya tsinke ya koma ɗigo. Ta rufe ta ɗaure. Shahir ya leƙa kwanon ya ga abin da ya fito, ya sosa ƙeya, ya miƙa mata hannun rigarsa ta kama ta fito.

Aka kira Fawwaz ya shiga gaba, filasta a goshi. Rasmiyya ta fito da motar a hankali ta tsaya a bakin titi. Sai ta ji an buɗe taga a sama. Hajja Nayifa ce, cikin takaba, ba halin saukowa.

"Ummu Basil! Hau da ita har saman layi, kada ki tsaya. Shekara arba'in da shida daga nan nake jin kowace mota da ta fita daga ramin nan. In da matsala zan sani."

Rasmiyya ta yi bisimilla ta saki birki. Motar ta ɗauki hawan. Ta wuce gidan burodi, ta wuce masallaci, ta shiga inda titin ke miƙewa tsaye, inda ko masu ƙafa sai sun huta. Muryar injin ɗaya ce ba ta sauya ba, gudun kawai ke ƙaruwa. Fawwaz ya dafe gaban motar yana jiran fizga, ya jira, ya jira, sannan ya sauke hannunsa ya jingina da kujera.

Ta duba madubi. Can ƙasa Hajja Nayifa na tsaye a taga, ta riƙe ƙarfen da hannu ɗaya, ta karkatar da kai gefe, idonta a rufe. Har motar ta kai kwanar saman layi ba ta buɗe su ba.